Dokar hana kunna wuta a fili: me ya sa hukuma ke shiga tsakanin mutum da sharar gonarsa?

Duk shekara, da zarar ciyawa ta bushe, hukumomi a ƙasashe da dama sukan fitar da sanarwa iri ɗaya: daga rana kaza ba a yarda kowa ya ƙona shara ko kara ko rassan itatuwa a fili ba, wanda kuma aka kama zai biya tara. Nan take tambayoyi kan taso. Gonar tawa ce, sharar tawa ce, ina tsaye a kanta da bokitin ruwa, ina ruwan hukuma? Me ya sa jiya aka yarda, yau aka hana? Kuma ta yaya ma'aikatan gandun daji da kansu suke cinna wa daji wuta, sannan su juyo su ce wa manomi kada ya ƙyasta ashana?

Tambayoyin nan ba na wasa ba ne, kuma masu yin su ba wawaye ba ne. Yawancinsu sun fi mai rubuta dokar sanin wuta. Sai dai akwai abin da dokar take kallo wanda mutumin da ke tsaye a gaban tarin shararsa ba ya iya gani da ido.

Dokar ba guda ɗaya ba ce

Abin da ake kira “dokar hana ƙone-ƙone” tarin ƙa'idoji ne, kuma ruɗani kan fara ne daga cakuɗa su.

Akwai ta kalanda, wadda ke yanke wasu watanni ta ce a cikinsu babu ƙuna. A Girka lokacin gobarar daji a hukumance yana farawa ranar 1 ga Mayu ya ƙare 31 ga Oktoba. A jihar New York ta Amurka kuwa, an hana ƙona rassa da ƙirare daga 16 ga Maris zuwa 14 ga Mayu, wato lokacin da ƙanƙara ta narke ta bar busasshiyar ciyawar bara a fili, sabon toho bai fito ya rufe ta ba. A Ireland an hana ƙona ciyayi a filayen da ba a nomawa daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta, kuma babban dalilin can shi ne tsuntsaye da ke sheƙa a lokacin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kowane wuri da nasa lokacin haɗari, kuma ba ko'ina ne zafin rana ke zama ma'auni ba.

Akwai ta izini. A nan ba a hana ƙuna gaba ɗaya ba, amma sai ka nemi takarda ko ka yi rajista ta waya ko intanet, a gindaya maka sharuɗɗa: girman tarin, nisansa da gini, sa'o'in da za ka kunna, da wajabcin ka tsaya a kai har ya mutu. Wani amfanin rajistar shi ne 'yan kwana-kwana su san hayaƙin da aka hango na wane ne, kada su kwashi motoci su tafi wurin da babu matsala alhali wani wuri na ci.

Sai ta rana guda, wadda ta fi kowacce tsanani. A Ostireliya, idan aka ayyana ranar hana wuta gaba ɗaya, izinin da ke hannunka ya tashi aiki na wannan ranar. Ba ƙona shara kaɗai ba, har walda da yankan ƙarfe a fili an hana, saboda tartsatsi.

Ta huɗu ba hani ba ce, umarni ne: ka share kewayen gidanka. Zan dawo kanta a gaba, domin ita ce mutane suka fi mantawa da ita.

Yadda ake sanin rana mai haɗari

Nan ne zuciyar maganar take. Wutar daji tana tafiya ne bisa abu uku: abin da za ta ci, yanayin sama, da shimfiɗar ƙasa. Mai kunna wutar, komai ƙwarewarsa, ba shi da iko a kan biyu daga cikinsu.

Mu fara da abin da za ta ci. Matacciyar ciyawa da busasshen ganye ba su da jijiyar da za su sha ruwa daga ƙasa, don haka laimar da ke jikinsu tana bin ta iskar da ke kewaye da su. Iska ta yi danshi, su yi danshi. Ta bushe, su bushe. Masana a Amurka sun karkasa irin wannan makamashi gwargwadon saurin da yake sauyawa: siraran ciyayi da ganye ana kiransu na sa'a 1, ƙirare na sa'a 10, rassa masu kauri na sa'a 100, manyan kututture kuma na sa'a 1,000. Kamar shanya ce a kan igiya: ɗankwali ya bushe kafin ka juya, bargo kuwa ya wuni yana ɗiga.

Daga wannan ne abubuwa biyu da ke ɗaure wa mutane kai suke warwarewa. Na farko, me ya sa ake hana ƙuna kwana ɗaya bayan an yi ruwa? Saboda yayyafin jiya ya jiƙa saman ciyawa ne kawai, rana da iska na 'yan sa'o'i sun isa su mayar da ita yadda take, kututturan da suka yi watanni suna bushewa kuwa ruwan bai ma ratsa su ba. Na biyu, me ya sa wutar da ta yi lamo da asuba take haukacewa da azahar? Da sassafe akwai raɓa, iska a kwance take, laima ta yi sama. Zuwa tsakar rana zafi ya ƙaru, laimar ta faɗi, iska ta tashi. Tarin shara ɗaya ne, mutum ɗaya ne, amma filin da ke kewaye da shi ya sauya gaba ɗaya cikin sa'o'i shida. Shi ya sa takardun izini da yawa suke ƙayyade sa'o'i.

Iska ita ce uwa-uba. Tana kwantar da harshen wuta gaba, ya gasa ciyawar da bai kai ba tukuna, tana ƙara mata numfashi, sannan tana ɗaukar garwashi da ɓawon itace mai ci ta jefa su gaba, su kunna sabuwar wuta a bayan waɗanda ke ƙoƙarin tare ta farko. Layin da ka share mai faɗin taku biyar yana iya tsayar da wutar da ke rarrafe a ƙasa, amma ba shi da abin da zai yi da garwashin da ya bi ta sama. A dazuzzukan turare na Ostireliya an ga irin wannan tsalle ya kai kilomita da yawa.

Shimfiɗar ƙasa kuma: wuta ta fi gudu idan tana hawa. Ƙa'idar da 'yan kwana-kwanan Ostireliya ke koyarwa ita ce, duk ƙarin digiri 10 na tudu yana ninka saurinta sau biyu. Wanda ya kunna wuta a gindin tudu, gidan da ke samansa ya sa a gaba, ko da bai nufa ba.

Hukumomi suna haɗa waɗannan abubuwa su fitar da lamba. Tsarin Kanada, wanda Tarayyar Turai ma take amfani da shi wajen taswirar haɗarin gobara, yana ɗaukar awon zafi da laima da ƙarfin iska da tsakar rana, da ruwan da ya sauka cikin sa'o'i 24, ya kuma riƙa tara lissafin kwanakin baya, ta yadda farin da aka yi makonni ana yi yana nan cikin lissafin yau. Ostireliya tun Satumban 2022 ta taƙaita nata zuwa matakai huɗu masu launi, daga kore zuwa ja. Matakin ƙarshe, na bala'i, an ƙirƙiro shi ne bayan gobarar 7 ga Fabrairun 2009 a jihar Victoria, ranar da zafi a Melbourne ya haura digiri 46, mutum 173 suka rasu. Ma'anar matakin a fili take: idan wuta ta tashi a irin wannan rana, ba gidan da aka gina don ya jure mata, a fita tun da wuri. A Amurka hukumar hasashen yanayi ce ke fitar da gargaɗin jan tuta idan busasshiyar iska mai ƙarfi ta haɗu da busasshen daji.

Ga wanda ba shi da hanyar ganin waɗannan lambobi, masu kashe gobara suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, ta talatin uku: zafi sama da digiri 30, laimar iska ƙasa da kashi 30 cikin 100, gudun iska sama da kilomita 30 a sa'a. Ba ma'auni ne mai kaifi ba, gobara na tashi a ƙasa da haka, amma idan ukun suka haɗu babu wata sharar da ta cancanci a ƙona ta a ranar.

Kalanda ko yanayi?

Dokar kalanda tana da sauƙin sanarwa da sauƙin hukuntawa. Kowa ya san ranar farawa da ta gamawa. Rauninta shi ne, sama ba ta duba kalanda.

Fotugal ta ɗanɗana wannan a 2017. Lokacin da aka saba ɗauka a matsayin mafi haɗari a can shi ne 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba. Gobarar Pedrógão Grande, wadda ta kashe mutum 66, da yawansu a cikin motoci a kan hanya ɗaya suna ƙoƙarin tserewa, ta tashi ne ranar 17 ga Yuni. Ta biyu, wadda ta kashe kusan 50, ta zo a tsakiyar Oktoba, lokacin da guguwar Ophelia ta turo iska mai zafi a kan ƙasar da fari ya riga ya ƙeƙasar. Dukansu biyu sun faɗo a wajen watannin da aka saba ƙidayawa.

A ganina dokar da ta tsaya a kan kalanda kaɗai tana koya wa jama'a wani darasi mai haɗari, wato cewa ranar da wa'adi ya ƙare wuta ta halatta. Mutanen da suka yi watanni suna tara shara sai su fito gaba ɗaya a mako guda, ko ruwa ya sauka ko bai sauka ba. Kalanda tana da amfani a matsayin tunatarwa, amma hukunci na ƙarshe ya kamata ya zama na awon ranar.

Wa ke tayar da wutar?

Ana yawan ɗora laifi a kan tsawa ko a kan miyagun da ke cinna wuta da gangan. Dukansu suna nan, amma ba su ne mafi yawa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba gobara kimanin miliyan ɗaya da rabi a Amurka tsakanin 1992 da 2012, ya gano cewa kashi 84 cikin 100 mutane ne sanadinsu, ƙona shara kuma tana cikin manyan dalilai. Binciken ya nuna cewa hannun ɗan Adam ya ninka tsawon lokacin gobara sau uku idan aka kwatanta da na tsawa, domin tsawa tana da lokacinta, mutum kuwa kullum yana nan. Ranar da gobarar da mutane ke tayarwa ta fi tashi a shekara ita ce 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin ƙasar, saboda wasan wuta.

Abin da ke ba da tsoro shi ne ƙanƙantar sanadin. A 2018 a Kalifoniya, gobarar Carr ta fara ne daga tayar tirela da ta yi faci, ƙarfen ya riƙa gogar kwalta yana feshin tartsatsi. A shekarar dai, gobarar Ranch, wadda a lokacin ba a taɓa ganin mai girmanta a jihar ba, masu bincike sun danganta ta da guduma da aka buga a kan turken ƙarfe. Wanda ya ji waɗannan ba zai ƙara mamakin dokar da ta hana walda ko yankan ciyawa da inji a ranar haɗari ba.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa ba talaka kaɗai ke tayar da wuta ba. Gobarar Camp ta Nuwamban 2018, wadda ta shafe garin Paradise a Kalifoniya ta kashe mutum 85, tsohon layin lantarki ne sanadinta, kamfanin lantarki na PG&E kuma ya amsa laifi a kotu a 2020. Shi ya sa yanzu a wasu wurare kamfanonin lantarki ke yanke wuta da gangan a ranakun iska mai ƙarfi. Dokar da ta matsa wa mai sharar gona ta kau da kai daga mai falwaya ba ta cika ba.

Wutar da aka ɗauka ta mutu

Idan akwai abu guda da nake so mai karatu ya riƙe, wannan ne. Hujjar “ina tsaye a kanta” tana aiki ne muddin ana ganin harshen wuta. Haɗarin yana farawa bayan an juya baya.

Toka tana rufe garwashi ta hana shi iska, ya riƙa ci a hankali ba hayaƙi. Wuta tana bin ruɓaɓɓen kututture ta gangara cikin saiwa. A Janairun 2022 ma'aikatan hukumar gandun dajin Amurka sun ƙona tarin rassa a jihar New Mexico, bisa ƙa'ida, a tsakiyar sanyi. Ƙanƙara ta sauka a kai. A watan Afrilu wutar ta farfaɗo daga ƙarƙashin ƙasa, ta haɗu da wata ƙunar hukumar da ita ma ta kuɓuce, suka zama gobarar Hermits Peak da Calf Canyon. Ta ci kimanin hekta 138,000, mafi girma a tarihin jihar. Waɗanda suka kunna ta ƙwararru ne masu kayan awo, kuma hukumar ta dakatar da irin wannan ƙuna a faɗin ƙasar na kwana 90 don ta sake duba tsarinta.

A jihar Colorado, wasu mutane sun ƙona shara a harabarsu ranar 24 ga Disamban 2021, suka binne ragowar da ƙasa. Ranar 30 ga watan, iska mai gudun sama da kilomita 160 a sa'a ta yaye ƙasar. Masu bincike sun ce wannan ne ɗaya daga cikin tushe biyu na gobarar Marshall, wadda ta cinye gidaje fiye da 1,000. A garin Lahaina da ke tsibirin Maui na jihar Hawaii ta Amurka, ranar 8 ga Agustan 2023, wutar da ta tashi da safe daga wayar lantarki an ɗauka an kashe ta. Ta sake tashi da rana, mutum kimanin 100 suka rasa rayukansu.

Binne garwashi da ƙasa ajiye shi ne, ba kashewa ba. Kashewa ita ce a zuba ruwa, a tona da shebur a juya, a sake zubawa, har mutum ya iya kai bayan hannunsa kusa bai ji ɗumi ba. Sannan a dawo gobe a duba, a sake dawowa duk ranar da iska ta tashi. Don haka idan hukuma ta hana ƙuna yau alhali sama a kwance take, sau da yawa iskar jibi take kallo.

Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu

Manomi ba ya ƙona kara don nishaɗi. Wuta ita ce hanya mafi arha ta share gona, tana rage ƙwari da irin ciyawa, ba ta bukatar inji ko leburori. Makiyayi yana ƙona tsohuwar ciyawa don sabon toho ya fito, ya kuma rage kaska. Hana su ba tare da ba su wata mafita ba yakan haifar da abu ɗaya: a kunna da daddare a gudu, wanda shi ne mafi munin nau'in ƙuna, tunda babu mai tsaron ta kuma babu mai kiran agaji don tsoron tara.

Arewacin Indiya misali ne. A jihohin Punjab da Haryana an daɗe da hana ƙona ragowar shinkafa, amma duk Oktoba da Nuwamba hayaƙin na rufe Delhi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wata dokar 2009 da ta jinkirta dashen shinkafa don tattalin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Girbi ya matsa baya, tazarar da ke tsakaninsa da shukar alkama ta ragu zuwa makonni biyu ko uku. Manomin da lokaci ya ƙure masa, injin shuka a cikin kara kuma ya fi ƙarfin aljihunsa, ashana zai ɗauka. Doka ɗaya mai kyakkyawar niyya ta tura mutane karya wata. Ingila ta hana ƙona ragowar hatsi tun 1993 kuma hanin ya zauna, amma can manoma suna da injinan da ke daddatsa karan su cusa shi cikin ƙasa.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan zurfi, kuma daga masana daji yake fitowa. Akwai dazuzzuka da filayen ciyawa da suka saba da wuta tun fil azal, wasu itatuwan ma sai da zafinta suke sakin iri. Bayan babbar gobarar 1910 da ta ci fiye da hekta miliyan ɗaya a arewa maso yammacin Amurka, hukumar gandun daji ta ɗauki wuta a matsayin abokiyar gaba. A 1935 ta kafa ƙa'idar cewa duk gobarar da aka ba da rahoto a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. An yi nasara shekaru da dama, sai dai ƙirare da ƙananan itatuwan da ƙaramar wuta kan share lokaci-lokaci suka yi ta taruwa. Da fari da zafi suka ƙaru, wutar da ta zo ta tarar da abinci jibge, ta hau har kan manyan itatuwa.

Akasin haka aka yi a yammacin Arnhem Land da ke arewacin Ostireliya. Tun 2006 'yan asalin yankin suka koma ga hanyar kakanninsu a ƙarƙashin wani shiri: ƙona ƙananan fegi a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, wuta na tafiya a hankali ta mutu da kanta idan raɓa ta sauka. Fegin da aka ƙona sai su zama shinge ga manyan gobarar ƙarshen rani. Hayaƙin da ake fitarwa ya ragu har ana biyan su kuɗi a kan ragin. Ga amsar tambayar da ake yi kan ma'aikatan daji da ke kunna wuta: suna zaɓar rana ne da awo, da mutane da kayan aiki a tsaye. Ko da hakan, New Mexico ta nuna suna iya kuskure.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Hani a ranar haɗari daidai ne, ba na ganin wata hujja da za ta rushe shi. Amma hukumar da ta iya rufe ƙofa wajibi ne ta iya buɗe ta: ta sanar da ranakun da ƙuna ta halatta da irin ƙarfin da take sanar da na hani, ta sauƙaƙa izini ta yadda wanda ba shi da intanet zai samu, ta tanadi wurin kai rassa ko injin niƙa su. Inda babu wannan, hanin yana tara wa baɗi makamashi ne kawai.

Hayaƙi ma dalili ne

Wani lokaci ana hana ƙuna a ranar da babu iska ko kaɗan, mutane su rasa dalili. A irin wannan rana iska mai ɗumi kan danne mai sanyi a ƙasa, hayaƙi ya kasa tashi, ya kwanta a kan gidaje. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa suna shiga can cikin huhu, masu asma da ciwon zuciya da jarirai da tsofaffi ne ke fara jin jiki. A 2015 wutar share filaye a Indonesiya ta shiga busasshiyar ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen ganye, ta ci kimanin hekta miliyan 2.6, hayaƙin ya rufe makarantu har a Malesiya da Singafo. Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da kusan dala biliyan 16.

Abin da ke kan mai gida da mai gona

Tara ita ce ƙaramin abin da mutum zai iya fuskanta. Babban shi ne alhakin ɓarna. A wurare da yawa, idan wutarka ta tsallaka, kai za ka biya amfanin gonar maƙwabci da dabbobinsa da gidansa, wani lokaci har da kuɗin da aka kashe wajen kashe ta, kuma takardar izini ba ta wanke ka daga wannan. Dokar Afirka ta Kudu ta 1998 ta wajabta wa mai fili ya share layin tare wuta a kan iyakarsa, ya sanar da maƙwabta kafin ya ƙona shi. Ta ƙara da wani abu mai hikima: idan wuta ta fito daga filinka aka kai ka ƙara, kotu za ta ɗauka ka yi sakaci har sai ka nuna akasin haka, sai fa idan kana cikin ƙungiyar kare gobara ta yankinku. Wato an sa haɗa kai da maƙwabta ya zama kariya ga aljihun mutum.

Sai umarnin share kewayen gida da na ambata. Kalifoniya ta wajabta ƙafa 100, kusan mita 30, a yankunan da dokar ta shafa. Faransa da Fotugal sun sa mita 50 ga gine-ginen da ke kusa da daji. Ba ana nufin a sare kowace bishiya a bar fili fayau ba. Ana nufin a rage ciyawa, a datse rassan ƙasa don kada wuta ta samu matakalar hawa, a raba kan itatuwa da juna. Binciken da aka yi a kan gidajen da suka ƙone ya nuna cewa da yawansu ba bangon wuta ne ya cinye su ba, garwashi ne ya sauka a cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko a kan itacen da aka jingina da bango, ko ya shiga ta kafar iska. Shi ya sa ake ganin gida ya zama toka alhali bishiyar da ke gabansa tana nan da koren ganyenta.

Wannan aikin share-share yana da nasa lokacin. Injin yankan ciyawa da ya bugi dutse a busasshen fili da tsakar rana yana iya tayar da gobarar da ake ƙoƙarin gujewa. Ana yin sa ne tun kafin lokacin hani ya shigo, da sassafe, ciyawa na da sauran raɓa, a kwashe abin da aka yanke a nisanta shi da gini maimakon a tara shi a bayan ɗaki ana jiran ranar da za a ɗage dokar.